Me Ya Sa Ake Rage Wa Mai Ciwon Ƙoda Magani?

"Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyata shekararta 70, ta kusa shekara 15 tana fama da ciwon suga da hawan jini. Watan jiya aka yi mata gwajin jini, likita ya ce ƙodarta ta yi rauni, a takardar an rubuta eGFR 26. Abin da ya ɗaure mini kai, maimakon a ƙara mata magani sai aka tsayar da metfomin ɗin da ta daɗe tana sha, aka rage mata insulin, aka kuma hana ta maganin ciwon gwiwa da nake saya mata a kemis. Ni a sanina wanda ciwonsa ya ƙaru magani ake ƙara masa. Ko dai sun cire rai da ita ne? Ni ce babbar 'yarta, a hannuna take. Don Allah a yi mini bayani."

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi da ita. Ki kwantar da hankalinki, ba a cire rai da ita ba. Ni aikina harhaɗa magunguna ne a asibiti, na daɗe ina bin likitoci zagayen ɗakin masu ciwon ƙoda, kuma da takardar Hajiya ta biyo ta tebur ɗina da waɗancan magunguna uku yadda suke a da, da na ajiye ta na je na sami likitan tukuna. Abin da kike tambaya shi ne: ina ruwan raunin ƙoda da yawan maganin da mutum zai sha? Amsar ita ce, adadin da ke rubuce a jikin kwalin magani an auna shi ne da mai lafiyayyar ƙoda. Idan ƙoda ta yi rauni, ƙwaya ɗaya tana iya zama a jiki ta yi aikin biyu ko uku.

Yadda magani ke fita daga jiki

Duk ƙwayar da aka haɗiya ko allurar da aka yi, baƙuwa ce a jiki, in ta gama aikinta dole a yi mata rakiya. Manyan ƙofofin fita biyu ne, hanta da ƙoda. Hanta tana sarrafa magani ta canza masa kama, ƙoda kuma tana fitar da shi a fitsari. Wani maganin hanta ce ke gamawa da shi. Wani ko kallonsa hanta ba ta yi, yadda ya shiga haka ƙoda za ta fitar da shi. Wani kuma sai hanta ta sarrafa shi, ta miƙa wa ƙoda ragowar. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne abin lura ga Hajiya.

A kowace ƙoda akwai 'yan ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. A yini guda suna tace ruwan jini wajen lita 180, kusan cikin duro ke nan, sannan jiki ya janye mafi yawansa ya bar lita ɗaya da rabi ko makamancin haka ya fita a fitsari. Ban da tacewa, akwai wasu 'yan bututu da ke kama wasu magunguna daga jini su tura su cikin fitsari da ƙarfi. Fenisilin na cikin waɗanda ake turawa haka. Saurin fitarsa ya kai a 1941 a Ingila, lokacin da maganin yake da matuƙar ƙaranci, sai da likitoci suka riƙa tara fitsarin majinyaci suna sake ciro maganin su mayar masa.

Waɗancan haruffa na eGFR ƙiyasi ne na yawan ruwan da ƙoda ke tacewa a minti ɗaya. Na matashi mai lafiya yakan kai 90 zuwa 120. Daga 59 zuwa 30 ana kiransa mataki na uku, daga 29 zuwa 15 mataki na huɗu, ƙasa da 15 mataki na biyar, inda ake fara maganar wankin ƙoda. Hajiya tana mataki na huɗu. A sauƙaƙe, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na aikin ne ya rage mata.

Taruwar magani

Mu a wajen aiki muna auna kowane magani da lokacin da rabinsa ke ɗauka kafin ya bar jini. Ki ɗauka akwai maganin da ake sha kowace awa 8, rabinsa kuma yana fita a awa 8. Duk lokacin da aka sha sabo, rabin na baya ya tafi, don haka komai daɗewa abin da zai taru a jini ba zai wuce ninki biyu na sha ɗaya ba. Da haka aka tsara shi. To a ce ƙoda ta yi rauni har fitar rabin ta koma awa 24, amma aka ci gaba da sha kowace awa 8. Na safe bai fita ba na rana ya tarar da shi, na dare ya hau kansu. Abin da zai taru ya kusa ninki biyar. Kamar kwatar gida ce da ta toshe, ruwan wanke-wanken da aka saba zubawa shi ɗin ne dai, amma yau tsakar gida ya cika.

Wani abin da ke yaudarar mutane shi ne taruwar ba ta cika a rana ɗaya. Sai an yi waɗancan wa'adin rabi sau huɗu ko biyar, wato a misalinmu kwana huɗu zuwa biyar. Ranar farko lafiya lau, ta biyu ma haka. Lokacin da illar za ta bayyana an manta da cewa an fara sabon magani, sai a ɗora laifin kan wani abu daban.

Na taɓa ganin haka ƙiri-ƙiri. An kawo wani dattijo manomi mai ciwon suga, yana ta barci kamar wanda aka yi wa duka, in an tashe shi sai sambatu, hannuwansa suna fizga. 'Ya'yansa sun kasu biyu, wasu na cewa shanyewar ɓarin jiki ce, wasu na cewa iska ce, har an fara yi masa tofi da hayaƙi. Na ce da babban ɗansa ya zazzage mini ledar magungunan a kan tebur, kada ya bar ko ƙwaya ɗaya. Cikin tarkacen sai ga firegabalin, wanda wani ya ba shi saboda zugin tafin ƙafa, a cikakken adadin mai lafiya, kwana biyar ke nan da farawa. Shi kuwa wannan magani ƙoda ce kaɗai ke fitar da shi, kuma ta baban ba ta fi ta Hajiya ƙarfi ba. Aka tsayar da shi. Bayan 'yan kwanaki dattijo ya tashi zaune yana tambayar wa ya ba awakinsa dusa. Ɗan'uwansa gabafentin ma halinsu ɗaya.

Allurar jentamaisin ta kashe ƙwayoyin cuta, wadda ake yawan yi a ƙananan asibitoci da kemis, ta fi wannan haɗari. A mai lafiya rabinta na fita cikin awa 2 zuwa 3. A wanda ƙodarsa ta tsaya yakan haura kwana biyu. In ta taru tana ƙara lalata ƙodar, tana kuma taɓa kunne, mutum ya kurumce ko ya riƙa tangaɗi, kuma sau da yawa ji ba ya dawowa.

Magungunan Hajiya guda uku

Metfomin magani ne mai kyau, kuma ba shi ya ɓata mata ƙoda ba. Ina jaddada wannan domin na sha jin mutane na cewa maganin suga ne ya kashe wa wane ƙoda, alhali sugan da hawan jinin ne suka yi ɓarnar a hankali cikin shekaru. Matsalarsa ita ce hanta ba ta sarrafa shi, ta fitsari yake fita yadda ya shiga. In ya taru yana iya jawo wani irin tsamin jini mai zuwa da amai, ciwon ciki, kasala da numfashi sama-sama. Ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru yana kisa. Ƙa'idar da ake bi ita ce, idan eGFR ya sauko tsakanin 44 da 30 a rage shi kada ya wuce miligiram 1000 a rana, idan ya yi ƙasa da 30 a tsayar gaba ɗaya. Na Hajiya 26 ne, likitanta ƙa'ida ya bi.

Maganar insulin ta fi ba mutane mamaki. Ƙoda tana cikin masu narkar da insulin ɗin da aka yi allurarsa. Da ta yi rauni sai ya daɗe a jini yana aiki. Ga shi ita ƙodar tana taimaka wa hanta wajen samar da suga lokacin da mutum bai ci abinci ba, wannan ma ya ragu. Ga kuma rashin cin abinci da ke zuwa da ciwon. Sai ki ga mai shekara goma yana fama da hawan suga, kwatsam awonsa ya fara kyau, 'yan gida suna murna ciwo ya tafi. Mu in mun ga haka ƙoda muke fara dubawa. Faɗuwar suga a tsohuwa ta fi ɗan hawansa haɗari nesa ba kusa ba. Ki lura da gumi ba dalili, karkarwa, yunwa mai tsanani, ruɗewa ko magana ba kan gado, musamman da asuba. In kin gani kuma tana iya haɗiya, ki dama suga cokalin shayi uku ko huɗu a ruwa ki ba ta, sannan ki auna. In ba ta cikin hayyacinta kada a ɗura mata komai a baki, a tafi asibiti. Kuma kada wani ya ce tunda an tsayar da metfomin bari a maye gurbinsa da gilibenkilamaid, wanda aka fi sani da Daonil. Ragowarsa da hanta ke fitarwa tana ci gaba da saukar da suga, ta ƙoda take fita, kuma faɗuwar sugan da yake jawowa tana iya kwana biyu ana ƙarin ruwan suga tana komawa.

Na ciwon gwiwa labarinsa daban ne. Ba ki faɗi sunansa ba, amma na tabbata bai wuce daikulofenak, ibufurofen ko firoksikam ba. Waɗannan ba taruwarsu ce babbar damuwa ba, ƙodar suke taɓawa kai tsaye. Ƙoda mai rauni tana dogara da wasu sinadarai da ke buɗe jijiyar da ke kai jini cikin matatai. Su kuma waɗannan magunguna ta hanyar toshe irin sinadaran nan suke kashe zogi, don haka suna kashe ciwon gwiwa suna tsuke wa ƙoda hanyar jini. Idan Hajiya tana shan maganin hawan jini lisinofiril ko losatan, tana kuma shan maganin sa fitsari, haɗuwar ukun na iya tsayar da ƙoda cikin 'yan kwanaki, musamman a zafin bazara da jiki ke bushewa.

A nan ne nake jin tsoron haɗin kemis. Mutum ya je ya ce a haɗa masa na ciwon jiki, a ƙirgo ja da fari da rawaya a ƙulle a leda, babu kwali babu suna. Sau da yawa in na warware irin wannan ƙullin sai in tarar da biyu daga cikin dangin nan a ciki, wani lokaci har da faredinisolon wanda ke tayar da suga. Ga Hajiya, an rufe wannan babin. Farasitamol shi ne abokin tafiyarta, kuma ga tsohuwa irinta na fi son kada ya wuce giram 3 a rana. A haɗa da gasa gwiwar da ruwan ɗumi da motsa ta a hankali. Kada kuma a tsallaka zuwa taramadol ko kodin da sunan sun fi ƙarfi. Su da mofin duk suna barin ragowar da ƙoda ce ke fitarwa, in ta taru sai barci mai nauyi, raunin numfashi, wani lokaci farfaɗiya. In ciwon ya fi ƙarfin farasitamol, likitanta ne zai zaɓa ya kuma auna.

Abin da takardar gwaji ba ta faɗa kai tsaye

Sinadarin da ake aunawa a jini don gane aikin ƙoda sunansa kiriyatinin, daga tsoka yake fitowa. Mai ƙaramin jiki kaɗan yake samarwa, don haka awonsa na iya zama kamar lafiya lau alhali ƙodar ta yi nisa. Akwai lissafin da Cockcroft da Gault suka fitar a 1976 wanda har yau da shi muke auna magunguna da yawa: a cire shekarun mutum daga 140, a ninka da nauyinsa, a raba da kiriyatinin ɗinsa da aka ninka sau 72, in mace ce a ɗauki kashi 85 cikin ɗari. Ɗauki mutum biyu da awonsu ya zo ɗaya, 1.2. Saurayi mai shekara 30 da kilo 80 zai fito da kusan 102. Tsohuwa mai shekara 75 da kilo 45 za ta fito da kusan 29. Lamba ɗaya a takarda, amma ɗaya ƙodarsa garau, ɗayar tana mataki na huɗu. Shi ya sa nake faɗa da duk wanda zai rubuta wa tsoho magani bai ɗora shi a sikeli ba.

Raunin ƙoda kuma ba ya tsayawa a ƙoda. Dattin da ya kamata ya fita in ya taru a jini yana rage wa hanta kuzari, har maganin da hanta ke sarrafawa ya yi jinkirin fita. Yana kuma ture wasu magunguna daga jikin furotin ɗin jini da suke maƙalewa. Wanda ya maƙale ba ya aiki, sakakken ne ke aiki. Fenitoyin na masu farfaɗiya misali ne: a mai lafiya kashi 10 cikin ɗari ne kawai sakakke, a mai ciwon ƙoda yakan ninka, sai gwaji ya nuna kamar maganin ya yi kaɗan a jini alhali mai aikin ya isa. Wanda bai sani ba sai ya ƙara, ya jawo illa.

Ba kowane magani ake ragewa ba

Kada wannan bayani ya sa ki fara raba mata kowace ƙwaya biyu. Amlodifin na hawan jini hanta ce ke gamawa da shi, ba a taɓa adadinsa. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin Coartem cikakke ake sha, haka allurar atesunet. A maganin tarin fuka, rifamfisin da aisoniyazid suna nan yadda suke, itambutol da firazinamaid ne ake mayarwa sau uku a mako idan aikin ƙoda ya yi ƙasa da 30, domin itambutol in ya taru yana taɓa gani. Masu shan maganin ƙanjamau mai tenofobir a ciki su ma akan sauya musu idan ƙoda ta yi rauni.

Akwai ma wanda ƙara shi ake yi. Lasix, maganin sa fitsari, sai ya isa cikin bututun ƙoda yake aiki, ƙoda mai rauni kuwa kaɗan take bari ya isa, don haka mai kumburin ƙafa a mataki na huɗu yakan buƙaci fiye da na mai lafiya. Akwai kuma wanda yake daina amfani, kamar naitirofurantoyin na ciwon mafitsara, wanda ba ya isa fitsari da yawan da zai kashe ƙwayar cuta, sai dai ya tsaya a jini ya yi illa.

Lisinofiril da losatan kuwa, in likita ya bar mata su kada ki cire. Suna rage matsi a kan matatai, suna jinkirta lalacewar ƙoda, musamman ga mai suga. Abin da suke buƙata shi ne a riƙa auna sinadarin fotasiyam, domin in ya hau yana hargitsa bugun zuciya ba tare da gargaɗi ba. Septrin na kashe ƙwayoyin cuta da sifironolakton na sa fitsari suna ƙara hawansa, kada a haɗa mata su sai da sanin likita.

Gyaran adadi hanya biyu ake yinsa, ko a rage yawan abin da ake sha a lokaci guda, ko a tsawaita tazara, na sau uku ya koma sau biyu ko ɗaya. A maganin kashe ƙwayoyin cuta, shan farko galibi cikakke ake bayarwa, na bayansa ake gyarawa. Ni a ganina kuskuren rage irin wannan magani fiye da kima ga wanda cuta ta shiga jininsa bai fi kuskuren cika shi sauƙi ba, na ga an yi asara ta ɓangarorin biyu. Wanda ya kai ga wankin ƙoda kuma lissafinsa daban ne, injin yana wanke wasu magungunan tare da dattin, shi ya sa ake cewa a sha su bayan an sauko daga wanki.

Abubuwan cikin gida

Farin maganin gyambon ciki na ruwa da ake kira Mist Mag, da ire-irensa masu maganiziyam ko alminiyam, mutane ba sa lissafa su a magani, amma ƙoda ce ke fitar da abin da jiki ya tsotsa daga cikinsu. Jiƙon kanwa don ciwon ciki gishiri ne mai yawa, yana tayar da hawan jini ya ƙara kumburi. Maganin gargajiya kuma, ba raina shi nake yi ba, matsalata da shi a nan ita ce ba ni da hanyar auna abin da ke cikin jarka balle in rage shi daidai da 26. 'Yan dubiya za su zo da saiwoyi da sassaƙe kowa da nasa, da kyakkyawar niyya. Ki karɓa ki yi godiya, ki ajiye.

Ranar da gudawa ko amai suka kama ta har ba ta iya riƙe ruwa, ƙodar na iya faɗuwa ƙasa da inda take cikin yini ɗaya. A irin ranar akan dakatar da lisinofiril ko losatan da maganin sa fitsari na ɗan lokaci, amma ki tambayi likitanta tun yanzu ya rubuta miki waɗanda za ki tsayar da ranar da za ki mayar. Maganar azumi ma a yi ta da shi tun kafin watan ya kama, domin mai mataki na huɗu da ke kan insulin tana cikin waɗanda likitoci suka fi ba shawarar su sha azumin.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa

Ban ga Hajiya ba, ban san nauyinta ba, ban ga sauran magungunanta ba, don haka ba zan yanka miki adadin ko ɗaya ba. Kuma gwaji ɗaya kika ambata. Ba a kiran ciwon ƙoda mai daɗewa sai raunin ya wuce wata uku. Tana yiwuwa wani ɓangare na faɗuwar daga maganin gwiwar ne, in haka ne lambar na iya ɗan ɗagawa bayan an daina shi, a sake duba magungunan. Tana kuma iya sauka, a sake ragewa. Adadin da aka ba ta yau na wannan lambar ne kawai.

Ranar komawa asibiti ki zuba duk abin da take sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya har da man shafawa, ki ajiye a gaban likita ko mai ba da magani. Ki nemi a auna nauyinta. Ki rubuta lambar eGFR ta ƙarshe da ranar da aka yi gwajin a 'yar takarda ki saka a jakarta, duk inda za a rubuta mata magani, ko na haƙori ne ko na ido, a fara nuna takardar. In za a yi mata hoton da ake allurar rini a jijiya, a gaya musu tun kafin ta hau gado. Allah ya ƙara mata sauƙi.